Sakatariya da Tukunyar Karamel

Shekara ashirin da shida ta yi tana buga takardu a ofishin wani kamfanin dakon kaya, shi ya sa har yau 'yan layinsu Sakatariya suke ce mata, ko da yake ta daɗe da ajiye aikin. Siririya ce mai tabarau, ba ta san gaggawa ba. Tsofaffin abokan aikinta suna ba da labarin cewa sai ta karanta wasiƙa sau uku kafin ta liƙe ambulan, wani lokacin ma ta farke ta sake dubawa. Mijinta ya rasu tun tana aiki, Allah bai ba su haihuwa ba. Da ta yi ritaya sai ta tattara kayanta ta koma wurin yayarta, a wani gida mai ɗaki biyu da falo a hawa na biyu, inda kicin ya fi ɗakin kwana haske.

Yayar ta girme ta da shekara tara, kuma abu ɗaya take gasawa ta sayar tun 'ya'yanta suna makaranta. Hawa uku ne: biskit a ƙasa, karamel a tsakiya, cakulan a sama, a yanka shi dogo-dogo kamar ɗan yatsa. Kantuna biyu suna karɓa, da wani wurin shan shayi da ke daura da asibiti. Zuwan Sakatariya sai aka raba aiki. Ita ke auna fulawa da bota, ta murza kwaɓin, ta danne shi a tire, ta narka cakulan, ta yanka da rula, don ba ta yarda wani yanki ya fi wani ba. Karamel kuwa na Yaya ne.

Ba wani haɗi ne mai yawa ba. Sukari ne a tukunya mai kaurin gindi, ba a sa masa cokali, sai dai a riƙa karkata tukunyar. Zai narke, ya yi kalar zuma, ya fara duhu. A cikin wannan duhun akwai ɗan lokaci da bai kai a ƙirga goma ba, a nan ake saukewa a zuba bota da madara. In an yi hanzari, sai ya fito zaƙi zalla, ya tsiyaye da an sa wuƙa. In an makara, ɗaci. Yaya ba ta da ma'aunin zafi, ba ta kallon agogo. Ido kawai take sa wa tukunyar.

Abin da ya tsaya wa Sakatariya a rai shi ne oben ɗinsu. Tire ɗaya yake ci, gefen hagunsa ya fi zafi, sai an tsaya ana juyawa. Mai wurin shayin kuma kullum cewa yake da za su ninka kaya da ya karɓa. Ta tambayi kuɗin babban oben mai cin tire huɗu, ta tarar ya fi ƙarfinta. Bashi dai ba ta taɓa ci ba, ba kuma da tsufa za ta fara ba.

A nan ne ta ji labarin wani tsohon ma'aikacin banki da ke koyar da kasuwar canjin kuɗi ta intanet, ranar Asabar, a wani ɗaki a saman kantin magani. Tun ranar farko mutumin ya gaya musu gaskiya, cewa yawancin masu farawa asara suke yi, wanda kuma ya zo neman arziki cikin wata guda gara ya koma gida tun yanzu. Mutum shida ba su dawo ba. Sakatariya ta dawo da sabon littafi, ta rubuta dokokin da ya ba su. Wata shida ta yi a asusun gwaji, inda kuɗin ba na gaske ba ne. Da ta shiga da gaske, kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sallamarta ta sa. Dala da yuro kawai take taɓawa. Ba ta yarda ciniki ɗaya ya iya cinye mata sama da kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma kafin ta saya sai ta sa iyakar asara, wato inda cinikin zai rufe kansa idan farashi ya juya mata baya. Malamin ya sha yin misali da ita a aji.

Yaya ba ta hana ba, sai dai tsiya. Ta sa wa kwamfutar suna Maigida. Da safe in ta ga Sakatariya ta buɗe ta a kan teburin falo, sai ta tambaya ko Maigida ya tashi lafiya, ko yau ma bai bar kuɗin cefane ba.

Matsalar ɗaya ce, kuma a lokacin ba wanda ya ɗauke ta matsala. Kasuwar ta fi motsi daga tara na safe zuwa sha biyu. Karamel ma a tsakanin nan ake yin sa, bayan biskit ya huce. Saboda haka Sakatariya ta mayar da nata aikin zuwa sassafe da kuma bayan azahar, hantsi kuwa tana gaban Maigida, bayanta ga ƙofar kicin.

Can cikin shekarar sai Yaya ta fara kiranta. Auta take ce mata, kamar yadda iyayensu suke kiranta. Da fari jefi-jefi ne, ta ce ta zo ta ga wani abu, ita kuma ta ce bari ta rufe wannan cinikin. Kafin ta rufe an sauke tukunya. Daga baya kiran ya zama kusan kullum. Akwai wata Talata da Sakatariya ba ta manta ba.

"Auta, zo ki tsaya a kaina yau. Ki gaya mini kalar da kike gani."

"Haba Yaya, ni zan gaya miki kala? Ba ni minti biyar."

"Sukari ba ya jiran minti biyar."

"To gobe, in Allah ya kai mu."

Yaya ta sauke tukunyar ita kaɗai. A ranar Sakatariya ta samu 'yar riba, ta rubuta a littafinta.

Yanzu in ta zauna tana iya jero alamun da suka wuce ta gabanta. Yaya ta ja murhun gas zuwa gindin taga, ta ce zafi ne ya ishe ta. Kafaɗarta ta riƙa bugun bakin ƙofa. Tukunya biyu ta ƙona a wata ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗora laifin a kan sukarin da aka sayo. Duk Sakatariya ta gani. Macen da ke karanta wasiƙa sau uku ba ta tsaya ta haɗa waɗannan ba.

Bayan wata goma sha shida da fara cinikin gaske, ribar da ta tara da ɗan abin da ta ƙara suka isa oben. Ƙarti huɗu suka hau da shi bene. Ɗan Yaya, wanda injiniya ne a wani gari mai nisa, ya zo hutu a makon. Shi ya lura uwarsa tana laluben makunnin da tafin hannu, tana tambaya ko an rubuta lambobi a jiki, alhali ga su nan manya-manya da jan fenti.

A asibiti aka ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinta, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. A nan Yaya ta amsa cewa ta sani tun bara. An taɓa ba ta maganin ɗigawa, da ya ƙare ba ta koma ba. Ta ce shiru ta yi don ta san da ɗanta ya ji zai raba ta da wuta. Haka kuwa aka yi. Cikin kwana goma ya ɗauke ta zuwa gidansa, tafiyar awa bakwai a mota.

Sakatariya ta tunkari karamel yadda ta tunkari komai a rayuwarta. Ta sayi ma'aunin zafi, ta kalli bidiyo, ta yi jadawali. Abin da take samu karamel ne, ba wanda zai ce ba shi ba ne. Amma mai wurin shayin ya tare ta wata rana, cikin ladabi, ya ce masu saye suna tambaya ko an canza hannu. Ya rage abin da yake karɓa. Kanti ɗaya ya daina gaba ɗaya. Oben mai cin tire huɗu ya koma gasa ɗaya.

Wata uku da tafiyar Yaya, ta sa tukunyar a jaka ta bi ta. Suka jira matar Injiniya ta fita aiki, don an hana Yaya shiga kicin. Sakatariya ta ajiye mata kujera kusa da murhu, ta zuba sukari, ta riƙa faɗa mata abin da take gani. Ta ce ya yi kamar zuma. Yaya ta tambaya wace zumar, fara ko baƙa. Ta ce ya fara kama da shayi. Yaya ta ce shayin wa, don nata da na Auta ba kalarsu ɗaya ba. Suka yi dariya, sannan Yaya ta miƙo wuya tana shinshina, ta ce a sauke.

Da ya huce ta ɗebo mata a cokali. Yaya ta daɗe da shi a baki.

"Ya ɗan wuce," in ji ta. "Hanci yana makara, Auta. Kafin ka ji ƙamshin, ido ya riga ya gani."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba, Yaya? Da kin ce idonki ne, wallahi da na rufe kwamfutar."

"Na kira ki ai."

Sau huɗu suka gwada a kwana biyun da ta yi. Na ƙarshe Yaya ta ce zai sayu, ta kuma ce a buɗe taga a wanke tukunyar kafin matar gida ta dawo.

Sakatariya ba ta zargin malamin banki, ba ta zargin kasuwar. In an tambaye ta, cewa take dokokin daidai suke, kuma duk mai son shiga ya bi su. Asusun yana nan, sai ta yi makonni ba ta buɗe ba. Kullum da hantsi tana kicin, tukunya ɗaya take ɗorawa. A cikin kowace tukunya biyar, biyu sukan fito kusa da na Yaya, har mai wurin shayin ya yaba. Ba ta san abin da ya raba biyun nan da sauran ukun ba. Takan buga waya ta kwatanta, Yaya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce sai dai in ta gani.