Kwalbar da Ta Kwana Tara a Jakata

Kimiyya nake koyarwa a firamare, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ƙwayoyin cuta har zana su nake yi a allo. Amma a gidanmu na unguwar Malam Inna ni surukar Fulani ce kawai, yarinyar da na haifa kuma 'yar fari ce.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ta damu. "Ke" nake ce mata, ko "wannan yarinyar". Uwar mijina, wadda muke kira Dada, ita ke goya ta, ita ke wanke mata kashi. Ni sai dai in saci kallonta ta taga, kuma wallahi har alfahari nake da iya kawaici.

Tana wata goma sha huɗu zawo ya kama ta. Dada ta shafa dasashinta da yatsa ta ce, "Haƙori ne. Duk 'ya'yana haka suka yi." Aka yi mako biyu, idanu suka faɗa, awarwaron hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Muka kai ta asibiti ni da babanta, aka duba kashinta a madubin likita, ba a ga komai ba.

Za mu fito, wata nas 'yar Tangale ta biyo ni ta damƙa mini 'yar kwalba mai ƙaramin cokali a jikin murfi. "Maman bebi, akwai sabon gwaji. Shi ba da ido ake dubawa ba, ƙwayar halittar abin da ke cikinta yake nema, ko ya ɓuya zai gano shi. Amma sai an aika wani gari. Gobe-gobe ki kawo kashin, kin ji?"

Na ce to. Sai dai ɗibar kashin nan na nufin in durƙusa a tsakar gida gaban Dada, in nuna ban yarda da maganarta ba, in kuma nuna ina rawar jiki a kan 'yar fari. Babanta ya fi ni kunya, da na taɓo zancen sai ya kau da kai. Kullum in ce gobe. Kwalbar ta kwana tara a jakata, tsakanin alli da jan biro.

Dada ce ta gan ta, ranar da na ce ta ɗauki man zafi a jakar. Ta ɗaga ta ce, "Wannan fa?" Na yi mata bayani kaina a sunkuye.

"Tun yaushe?"

Na faɗa. Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "Yarinya tana ƙarewa kina jin kunyata? Ni na ce miki haƙori ya hana a gwada?" Da hannunta ta ɗiba, ita ta tsayar mini da keke.

Bayan kwana biyar aka kwantar da yarinyar ana ƙara mata ruwa. Ranar Alhamis bayan la'asar ta cika. A zaman makoki ban yi kuka a gaban mutane ba, mata suna ta yabona wai na cika Bafulatana. Ban taɓa tsanar yabo irin na ranar ba.

Daga baya likita ya ce ko da an gano da wuri, ba lallai magani ya ci ba a jikin da ya rame haka. Na gode masa. Amma kwana taran nan nawa ne, babu mai sauke mini su.

Na koma aiki, rannan ana hutun tara wayata ta yi ƙara. Wani mutum ne daga ɗakin gwaji, muryarsa cike da murna. Ya ce sakamako ya dawo, an gano ƙwayar, in kawo yarinyar gobe a fara ba ta magani.

"Amma Hajiya, faɗa mini sunanta tukuna, in tabbatar takardarta ce a hannuna."

Ina tsaye a bakin aji, yara suna ta guje-guje. Na buɗe baki na faɗi sunanta, cikakke, a fili. Shi ne karo na farko, kuma daɗinsa a bakina ya ba ni mamaki.

Ya ce, "Yauwa, ita ce. Yaya jikin nata?"