Goggo da Allon da Ya Ɓoye Zazzaɓinsa

Asibitin cututtukan ƙirji ya sake kiran waɗansu mutanen da ya riga ya sallama da albishirin lafiya, bayan an gano cewa allon da likitoci ke duba hotunan huhu a kansa yana dushewa idan rana ta take. Wadda ta gano haka ita ce mai kula da na'urorin ɗakin hoto, wadda kowa, daga likita har mai gadi, ke kira Goggo. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Tun tana da ƙuruciya aikinta bai sauya ba. Da safe, kafin a fara kiran layi, takan kunna allunan ta bar su su ɗumama, ta auna haskensu da na'ura, sannan ta ɗora bayan hannu a kan kowanne kamar uwa mai taɓa goshin ɗanta.

"Goggo, yaya mai jiki?" haka likitan hoto ke tsokanar ta.

"Da sauƙi, likita. Shi dai ba ya gardama kamar ku."

Dalilin taɓawar shi ne, fitilun da ke bayan allo kan rage haske idan suka yi zafi. Don haka ake manna musu ɗan ma'aunin zafi da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Idan ya ji zafi ya hau, sai ya sa a ƙara musu wuta daidai gwargwado, hasken ya tsaya inda yake. A talabijin ɗin gida, dushewa kaɗan ba ta kashe kowa. A hoton huhu kuwa, ɗan bambancin toka-toka ne ke raba mai lafiya da mai ƙari.

Ran nan bayan azahar ta dawo ɗaukar tabaraunta, hannu ya tafi kan allon don sabo. Ta ji shi rau da zafi, alhali shi allon yana nuna cewa jikinsa da sanyi. Da ta kwance murfin baya, sai ga ɗan ma'aunin ya ɓalle, gam ɗinsa ya saki, yana reto a gaban fanka yana shan iska. Ta ɗora hoton gwaji. Tabban da suka fi dishi-dishi, waɗanda take gani sarai da safe, babu su. Ba wanda ya lura, domin ido kan saba da duhun da ya shigo a hankali.

Mai ɗaukar hoto yana wurin, kuma bai ɓoye abin da ya ce mata ba: "Goggo, ki liƙa shi ki rufe. Me ya rage miki a aikin nan?"

"Ɗan nan, wannan zan liƙa. Waɗanda suka tafi gida fa, da me zan liƙa su?"

Ta sami likita a ofis ta faɗa masa. Sai ya tambaye ta:

"Tun yaushe?"

"Ban sani ba, likita. Da safe nake awo, da safe kuwa ɗakin da sanyi."

Ta san inda maganar za ta iya kai ta: bincike, da tabo a ƙarshen aiki. Likita ya sa aka fito da duk hoton da aka duba da rana tun shigowar zafi, ya sake bin su a allon da aka gyara, ita tana tsaye a bayansa. Yawanci lafiya lau. Kaɗan ba haka ba.

Cikinsu akwai wata mai ɗinki. Ta ce da aka kira ta aka ce ta dawo, ƙaninta ne ya rako ta. An cire ƙarin tun yana ƙarami. "Ban ma san da wata Goggo ba," in ji ta, "ashe ita ke riƙe da numfashina."

Ke ce gishirin ɗakin nan, Goggo, ba a ganin ki sai an rasa ki. Ke ce kika ji tsoro, kika tafi da tsoronki ofishin likita maimakon ki tafi da shi gida. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Duk mai riƙe da wata na'ura da ran mutane ya rataya a kanta, ya yi koyi da ke: ya auna ta a lokacin da ta fi shan wuya, kuma in ya ga ɓaraka ya buɗe baki. Yanzu dai safe da rana ake awo a ɗakin.

An samu duk waɗanda aka nema, sai mutum ɗaya, direban babbar mota, mai tabo a huhun hagu. Matarsa ta ce ya ɗauki kaya ya yi nisa, kuma ya tafi da murna don an ce masa ƙirjinsa fes yake. Har lokacin rubuta wannan, wayarsa a kashe take.