Koren Hasken Barandarmu

Hoto ɗaya tak nake da shi na Baba a wurin da ya saba zama. Da wayata na ɗauke shi a shekarar da na shiga jami'a, ba tare da ya sani ba. Yana barandar ɗakinmu, sanye da farar rigarsa ta Juma'a, ya sunkuyar da kai yana gyaran marfin wani ɗan akwati a kan cinyarsa. Kafinta ne, a kasuwar katako ta Anloga yake aiki. Bayan rasuwarsa muka bar gidan hayar da aka haife mu a cikinsa a tsohon Zango, muka koma unguwar Ayigya Zango.

Wata rana mahaifiyata, wadda muke kira Mma, ta miƙo mini wayar bayan ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ɗan nan, ka fitar mini da shi daga cikin abin nan. Da na taɓa shi sai ya ɓace."

Na ɗauki aikin da nauyin da ya fi ƙarfinsa. Na karanta cewa fuskar waya da haske take yin launi, takarda kuwa da tawada, kuma kowane injin bugawa da irin yadda yake fahimtar launin da aka aika masa. Tsorona shi ne in rataya wa Mma fuskar da ba ta mijinta ba ce.

Na je wani shagon buga hotuna kusa da jami'a, na wani dattijo mai yawan barkwanci. Bugun farko, a kan takarda mai sheƙi, ya fito da duhu, har idanun Baba suka nutse. Mai shagon ya rage hasken wayata, ya ajiye ta a gefen takardar, sai ga su sun kusanci juna. Muka ƙara wa hoton haske, muka fita bakin ƙofa muka duba, domin ƙwan lantarkin shagon yana jan komai zuwa rawaya. A can ne na lura cewa rigar Baba ta yi kore-kore. Na san rigar, na sha kai ta guga, fara ce ƙal. Na roƙi mai shagon ya ɗauki rigar a matsayin ma'aunin fari, ya janye koren daga hoton baki ɗaya.

Ya ce, "Ɗan jami'a, takardata za ka ƙarar. Mutane sukan ce in ƙara musu kyau, kai kuma awo kake yi."

Na ce, "Ka yi haƙuri, Alhaji. So nake ya fito daidai."

Ya fito daidai kuwa. Rigar ta yi fari, fatar ta koma irin ta mutane.

Mma ta karɓa da hannu biyu. Ta karkata takardar saboda hasken taga da yake wasa a kanta, ta shafa fuskar da yatsa, yatsan ya bar tabo a kan sheƙin. 

"Shi ne," in ji ta. "Amma a ina ka ɗauke shi?"

"A barandarmu mana, Mma."

"A'a. Wannan kamar a asibiti yake zaune."

Sai a lokacin na tuna da rufin. Tun muna ƙanana kwanon barandar ya yi tsatsa ya fara yoyo, Baba ya cire shi ya kafa wani na koriyar roba, irin wanda rana take ratsawa. Duk wanda ya zauna a wurin, koren yakan sauka a kansa, a kan tuwo, a kan allo, a kan farar riga. Mun saba da shi har mun daina ganinsa. Abin da na ɗauka kuskuren waya ne, ashe hasken gidanmu ne na goge.

Maido da shi bai zo da sauƙi ba. Koren da ke cikin waya, injin yakan fitar da shi wani lokaci kamar ganyen ayaba, wani lokaci da ɗan shuɗi. Na hau trotro, motar haya, na je tsohon gidan domin in gani da idona. Na tarar mai hayar yanzu ya cire robar, ya kafa sabon kwano. Barandar ta yi duhu. Na gaida mutanen gidan, na juyo.

Ma'aunin da ya rage mini shi ne idon Mma. Mai shagon ya buga mini ƙananan gwaje-gwaje a jere, kowane da nasa koren, wannan karon a kan takarda marar sheƙi. Ya ce ita ba ta riƙe tabon yatsa, ba ta kuma mannewa a gilashin firam idan damina ta kankama. Na shimfiɗa wa Mma su a tsakar gida bayan la'asar, lokacin da Baba yakan dawo daga aiki. Ba ta daɗe ba ta ɗora yatsa a kan ɗaya. Ni a raina na kusa da shi na zaɓa, amma ban faɗa ba.

Wanda ta zaɓa ɗin ne a rataye a ɗakinta yanzu, kuma ta hana a sa masa gilashi. Bugun farko mai farar rigar yana wurina. Nakan jera shi da wayar in duba, in yi ƙoƙarin tuna launin fuskar Baba a waje, a hanyar masallaci ko a cikin garin katako na Anloga. Duk lokacin da na kusa kama shi, sai in gan shi a baranda, koren nan yana kwance a kafaɗarsa, bai ɗago kai ba.