Mota Mai Madigadi Ɗaya

A shekarar 2011 aka yi wa surukin maƙwabcina canjin wurin aiki zuwa wani gari da ke bayan duwatsu, ya tafi da matarsa, wadda ita ce 'yar autar gidan. Tun daga lokacin hanyar nan mai hawa ta shiga rayuwar maƙwabcin nawa, wanda kowa a layinmu ke kira Mai Guduma.

Sana'arsa gyaran jikin mota. Ya fara tun yana saurayi a wata rumfar kwano da ke bayan tasha, ya tsufa yana daidaita ƙarfen da haɗari ya lanƙwasa. Mutum ne mai ka'ida guda wadda ba ya sassautawa: mota ba ta fita daga hannunsa da jikinta a buɗe, ko da murfin fitila ne ya rage. Yakan ce motar da babu madigadi, wato ƙarfen da ke rufe saman taya, kamar dattijo ne ya fito kasuwa ba wando.

Da hannunsa ya fara rawa sai ya bar rumfar, ya dawo gida da akwatin kayan aiki da wata tsohuwar mota mai launin ƙasa, wadda ta girmi duk 'ya'yansa. Injinta lafiya lau yake a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Amma ranar da suka fara zuwa ganin Auta, baƙin mai ya yi zafi a tsakiyar hawan, suka yini a gefen titi, shi yana fifita da kwali, matarsa tana kallonsa.

Matar tasa tela ce, kuma da sunan sana'ar yake kiranta idan yana son tsokana. Da labari ya zo cewa Auta na da ciki, ta ce masa, “Malam, ni dai zan je haihuwar nan. Ko a motarka, ko a motar haya.”

“Ina raye ki shiga motar haya, Tela?”

“To, ka roƙi tsohuwar motarka ta daina zazzaɓi.”

Wani abokinsa makanike ya kawo masa ƙaramin lagireto na sanyaya baƙin mai, wanda ake ɗaurawa a gaba inda iska ke bugawa. Tiyo biyu ne za su haɗa shi da inji, kuma ba su da hanyar bi sai ta bayan madigadin dama. Dole a cire bamba, a cire fitila, sannan a cire madigadin kansa. Wannan aikinsa ne, bai nemi kowa ba. Ya shimfiɗa tsohon bargo a tsakar gida, ya riƙa ɗiga wa kowane noti mai yana barinsa ya jiƙa, domin tsatsa ta riga ta cinye rabinsu. Idan sifana ta zame saboda rawar hannu, sai ya ajiye ta, ya zauna a kan benci har hannun ya lafa.

Ya auna hanyar, aka yanko masa tiyo, aka matse musu baki da ƙarfe, ya ɗaura. Sai da ya zo mayar da madigadi ya ga kuskurensa. Ya yi awon ne jikin motar na buɗe, ya manta da wani leɓen ƙarfe da ke cikin madigadin. Leɓen ya danne tiyo ɗaya ya lauye shi, ta yadda mai ba zai wuce ba.

Tela ta ɗago kai daga keken ɗinki ta ce, “Wato ka yanka yadi ba ka gwada a jikin mai rigar ba.”

“Mota ce, ba amarya ba.”

“Amarya ma ta fi ta sauƙin kai.”

Ta kawo igiya mai kaurin tiyon, ta shafe ta da allin tela, suka bi da ita ta wata hanyar. Suka jingina madigadin a mazauninsa ba tare da noti ba, suka sake ɗagawa. Duk inda alli ya taɓa ƙarfe, nan ne matsalar. Haka suka yi ta gwadawa har madigadin ya fito ba ɗigon fari a cikinsa, sannan aka yanko sababbin tiyo daidai da igiyar.

An ɗaura su, an tayar da inji, babu yoyo. Saura mayar da jiki. Amma yawan cirewa da mayarwa ya karya kunnuwa biyu na madigadin, inda noti ke shiga, kuma sai an yi musu walda kafin ya zauna. A wannan hantsin surukinsu ya bugo waya cewa an kai Auta asibiti.

Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin da Tela ta fito da jakarta. Ba ta yi masa gori ba. Ta dubi motar, taya a waje, tiyo a fili, ta ce, “Malam, ba komai. Bari in je tasha.”

Ya daɗe yana kallon madigadin a kan bargo. Daga nan ya ɗaure fitilar da waya, ya goge hannunsa, ya buɗe mata ƙofa.

“Shiga. Idan mun zo wajen tsohuwar rumfata, ki taya ni sunkuyar da kai.”

Tsofaffin abokan aikinsa sun gan shi, kuma har yau ba su daina yi masa dariya ba. Motar ta haye duwatsun ba tare da ta tsaya ba, suka iske Auta ta sauka lafiya.

Yanzu Mai Guduma ya daina tuƙi, domin rawar hannun ta ƙaru. An yi waldar, madigadin ya koma mazauninsa. Babban ɗansu ne ke kai su bayan duwatsu duk ƙarshen wata, a cikin motar nan, shi kuma yana zaune a gaba yana sauraron inji.