Buhunan da na kwana da su

Salama gare ku, 'yan uwa, musamman ɗalibaina da matasan ikilisiya da kuka yi ta cigiyata. Na daɗe ban ce uffan ba a wannan shafi. Asibiti na kwanta, kuma saura ƙiris ku ji wani labarin daban.

Da yawanmu mun ɗauka duk ciwon kai da amai maleriya ce, in ta ƙi ji a ce taifod. Mun kuma ɗauka duk wanda ya tara ya tsira. Ni ma haka na ɗauka.

Bara Allah ya albarkaci gonata ta wajen Ƙarfi da masara. Na ƙi sayarwa, ina jiran farashi ya hau da bazara. Na ƙara sayo wata a kasuwa. Sito ya cika. A lokacin matata Rifkatu tana gidan iyayenta wankan jego, sai na jera ragowar buhunan a ɗakin kwananmu, har kusa da rufi.

Da na ga ƙwari sun fara yawo a jikin buhu, na sayo ƙwayar nan ta maganin hatsi, wadda ake ƙullewa a tsumma a cusa cikin buhu. Na cusa, na ƙara cusawa. Tagogi kuwa kullum a rufe, don kada a leƙa a ga abin da nake da shi.

Abu na farko da na lura da shi shiru ne. Ɓerayen da suka saba damuna suka daina motsi.

Wata safiya na ga tsaka biyu a ƙasa, cikinsu a sama. Na share su, har ina murna magani yana aiki.

Ɗakin ya ɗauki wani wari kamar tafarnuwa.

Sai na fara tashi da ciwon kai, ƙirjina kamar an ɗora dutse. In na je makaranta na yi darasi, sai in ji sauƙi. In na kwana, ya dawo. Na sha maganin maleriya daga kemis, ba canji.

Kazar gidanmu ta shiga ɗakin tsintar tsaba. Da yamma na same ta a bayan ƙofa, ta sandare.

Ranar da abin ya kai maƙura, maƙwabcina Alhaji Sale ne ya ga gari ya waye ban fito ba. Ya same ni a bakin ƙofa ina amai, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

"Malam Yohanna, wannan ba na kemis ba ne," in ji shi. "Ka ga fuskarka kuwa?"

Shi ya sa ni a mota zuwa Funtuwa.

Aka ɗebi jini. Babu maleriya, babu taifod. Aka sa mini ƙarin ruwa da robar iska a hanci, aka manna wayoyi a ƙirjina ana duba bugun zuciya. Na ga nas ta kalli na'urar, ta kalli likita. Wannan kallon ya fi allura tsorata ni.

Likita ya tambaye ni me na ci, me na sha. Can ya ce, "A ina kake kwana?"

Na faɗa masa. Ya ajiye biro.

"Ƙwayar nan hayaƙi take fitarwa, wanda ido ba ya gani. Ba ta da makari. Za mu tallafi zuciyarka da huhunka, sauran sai addu'a. Wa kuma ke kwana a ɗakin?"

Na ce ba kowa, amma jibi matata za ta dawo da jaririyarmu Saratu.

"Da jaririyar ce ta kwana a ciki," in ji shi, "dare ɗaya ya isa."

Har shimfiɗarta na gyara, a gindin buhunan.

Rifkatu ta zo asibiti da goyonta. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Baban Saratu, wurin namu ka ba masara?"

Ga abin da nake so matasana su ji. Na tara hatsin nan ne don ranar wuya. Ranar wuyar ta zo, likita ya hana kowa shiga ɗakin sai ya sha iska sosai. Ko tiya ɗaya ba ta yi mini amfani ba. Kuɗin iskar da nake shaƙa da na gwaje-gwaje sun fi albashina. Alhaji Sale ya biya na farko, ya ce in rufe bakina. Matan zumunta na ikilisiya suka riƙa kawo kunu da tuwo bi da bi. Matasa suka yi karo-karo. Ni da nake koya muku roƙon abincin yini kowace Lahadi, sai a gadon asibiti na ga yadda Ubangiji ke aiko shi, yini bayan yini, ta hannun da ban zata ba.

A hankali bugun zuciyata ya daidaita, aka cire robar, aka sallame ni. Har yanzu in na yi sauri ina haki.

Da ɗakin ya sha iska, malamin gona ya duba ya ce masarar ta ciyu, muka fito da ita. Muka ware abin da zai kai mu kaka, muka sayar da kaɗan. Sauran ya tafi gidajen gwauraye da marayu na unguwarmu, Kirista da Musulmi. Ban ce kada a yi tanadi ba. Amma tanadin da ya kore ka daga ɗakinka ya zama ubangidanka.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da nas-nas, na gode muku.

Don Allah, kada ku sa ƙwayar nan a inda mutum ke kwana, ko a ɗakin da ke manne da shi. In ciwo yana sauƙi a waje yana tsananta a gida, ku faɗa wa likita.

Yau ka shiga ɗakinka ka duba abin da ka jibge don tsoron gobe. Ɗauki abu ɗaya, ka kai wa mai bukatarsa kafin rana ta faɗi, sannan ka buɗe taga.

Saratu tana barci yanzu, daidai inda buhunan suke a da.