Ranar da na matsa wa wata uwa ta kira sunan ɗanta na fari

Shekarun baya, lokacin ina aikin jinya, ina ganin babu abin da ya rage ban gani ba a ɗakin kulawa ta musamman na asibitinmu, aka kawo mana wani magidanci daga Riruwai. Ramin haƙar kuza ne ya rufta masa. Kwana shida yana kwance, inji ke taya shi numfashi, ko yatsa bai motsa ba.

Likita ya ce a samo masu muryar da ya saba da ita su riƙa kiran sunansa a kunne. In har ba a ga alamar yana ji ba, to mu fara lallashin 'yan'uwansa su sa haƙuri. Matarsa ta kira har muryarta ta dishe. Ƙannensa suka kira. Shiru kake ji.

Mahaifiyarsa kuwa tana waje kan tabarma, da butarta da carbinta, ta ba ƙofarmu baya. Ba ta taɓa leƙowa ba, ba ta taɓa tambayata ya mai jiki ba. Abin ya tsaya mini a rai, ni kuma Allah ya yi ni da saurin baki. Na tsaya a kanta na ce, "Inna, wai ba ɗanki ba ne? Tashi ki shiga ki kira shi."

Ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ai ga su can suna ta kira."

Ƙanwarta ta ja ni gefe. "Sista, ɗan fari ne fa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ko ido ba sa haɗawa."

Ni da na tashi a Bebeji, na san kunyar ɗan fari sarai, zaman birni ne da fararen kayan aikin asibiti suka ɗauke mini hankali. Amma maimakon in ja bakina in yi shiru, sai na ƙara hawa. Na ce, "Inna, in ya tafi, kunyar wa kuma za ki ji?" Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Can Inna ta miƙe, ta shiga ɗakin, ta ce kowa ya fita. Ni aiki bai bar ni na fita ba, sai na koma bayan labule.

Ta fara da "Kai." Ta sake, "Kai, wannan." Babu motsi. Sai ta sunkuya, ta faɗi sunan, a hankali, kamar mai koyon magana.

Kukan injin da ke bin bugun zuciyarsa ya sauya nan take. Na yaye labule, na ga hawaye na gangarowa zuwa kunnensa, yatsunsa sun damƙe zanin gado. Ni da ke koya wa sababbin ma'aikata abin yi, sai da na tsaya ina raba ido kafin na tuna ana kiran likita.

Bayan an cire masa bututun numfashi ya fara magana, wata safiya ina gyara masa ruwa na tsokane shi. "Ka ji lokacin da Inna ta kira ka kuwa?"

Ya ce, "Na ji, Sista. Tsoro ne ya sa ni kuka. Na ɗauka na riga na mutu. Don na san in dai ina da rai, Inna ba za ta faɗi sunana ba."

Na fita na zauna a matakala.

Na daina auna ƙauna da yawan kuka da shige-da-fice tun daga lokacin. Na rufe idon mutane da yawa a aikin nan, na ga waɗanda aka fid da rai suka tashi suka tafi gida da ƙafarsu. Amma babu abin da ya taɓa girgiza ni irin wannan bawan Allah, da ya ji sunansa a bakin uwarsa sau ɗaya tak, ya zaci a lahira yake.