Hannun da Kawu Yake Ɓoyewa

Jiya muna gyaran rumbu na tsinci zaren da marigayi kawuna yake ɗaure hannu da shi lokacin dambensa. Har yanzu yana warin zufa da hayaƙi.

Bahago ne. Daga Tasawa har Mayahi babu ƙaton da ya kai shi ƙasa. Amma da ya tsufa, in ransa ya ɓaci, sai ya maida hannun hagun nan bayansa ya riƙe.

Ina tare da shi ranar da wani mai hali ya shuke burtalin Baudeta, shanun Fulani suka rasa hanyar rijiya. Kawu ya zauna tsakiyar shukar. Mutumin ya zage shi, har ya ture mishi hula. Na ce, "Kawu, ka ƙyale shi?"

Ya ce, "Ɗiyata, in na buge shi, an bar zancen burtali ke nan, sai zancen haƙoransa."

Kwana ukku Kawu yana zuwa yana zama cikin shukar, har hukuma ta zo ta kafa duwatsun iyaka. Shanu na bi ta nan har yau.

Allah ya buɗe mishi hanya kamar yadda shi ma ya buɗe musu.